Basfar Baban Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Baban Rifkatu ya ce in zo ya gan ni ba. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Samaru, kuma na sha gaya wa ɗalibaina cewa kunne ɗan aike ne kawai. Ƙwaƙwalwa ce ke karɓar sauti, ta gwada shi da abin da ta saba ji, ta yanke hukunci tun kafin mutum ya yi tunani. Har zane nake musu a allo. Ban san a kaina za a yi gwajin ba.

Na daɗe ina zuwa zance wurin Rifkatu a Hanwa ba da sanin babanta ba. Tsohon hedimasta ne mai zafi, yana da wata tsohuwar Basfa, irin babur ɗin nan na da, da ke tari sau biyu in ta shigo layinsu. Duk hayaniyar Keke Napep da injin markaɗen maƙwabta, da na ji tarin nan sai in bi lungun bayan gida in ɓace. (Ita Rifkatu sai dai ta juyo ta ga babu ni.)

Da mamarta ta sa baki, ya yarda in zo. Amma an ja mini kunne: natsattsen mutum yake so, kuma a saninsa ni da Rifkatu a coci kawai muke gaisawa. In bai gamsu ba, magana ta mutu.

Da ranar ta zo na sa kaftani, na zauna a ƙasa a falonsa, ina amsa tambayoyinsa cikin ladabi. Har ya fara murmushi. Sai ga tarin nan daga bakin layi. (Ashe ƙanen Rifkatu ne ya karɓo Basfar daga wurin bakanike a Sabon Gari.) Kafin in ankara na miƙe zumbur, na yi fatali da kofin zoɓo, na kai bakin ƙofa.

"Kai, lafiya? Ina za ka?" in ji shi.

"Baba ne ya dawo!"

"Wane Baban?"

Na juyo. Ga shi zaune a kujerarsa, yana kallona ta saman tabarau. Mama ta toshe baki da gefen zani. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

"Ashe kai ne kake tattake mini alayyafo a lungu," ya ce a hankali. "Ni kuwa ina ta faɗa da maƙwabci a kan awakinsa."

Ya ba ni Rifkatu, amma sai da na sake shuka alayyafon, na kuma je na ba maƙwabcin haƙuri da bakina. Ranar biki ya ba mu Basfar kyauta, wai tunda na fi kowa sanin muryarta.

Yanzu ina ƙara wa ɗalibaina cewa abin da ka koya wa ƙwaƙwalwa a ɓoye, shi za ta yi maka a gaban suruki. Har yau in barci ya danne ni da safe, Rifkatu ba ta ɓata bakinta. Basfar take tayarwa.