Hoton da Ya Ƙi Sauka daga Talabijin

Ana gab da dawowar Inna daga aikin Hajji na ɗora wa kwamfutata sabuwar manhaja, wadda masu ita da kansu suka yi gargaɗin cewa ta gwaji ce. Dariya na yi. Gargaɗi ai na 'yan koyo ne, ni kuwa duk unguwarmu a Gummi ni ake kawo wa waya in ta rikice.

Ranar walima mata suka cika tsakar gida don kallon bidiyon Makka, har da Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, wadda ta sha gargada a kan babur tun daga Adabka. Na jona kwamfuta da talabijin ina taƙama. A kwamfuta bidiyo na tafiya lafiya lau. A talabijin kuwa hoton da na ƙawata fuskar kwamfutar da shi ne ya fito ya kafe: ni ne da baƙin tabarau, na harɗe ƙafa, na jingina da motar mutane.

"Yanzu zan gyara," na ce. Na zare waya na hure ta, na mayar. Na kashe na kunna, sai hoton ya dawo har ya ƙara faɗi. Ina zufa ina latse-latse man janareta ya ƙare.

Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "To, Hajiya, Makka dai ba mu gani ba, amma mun ga ɗanki. Wagga mota ta wa ce?"

Har yau in na shiga Adabka a kan tsohon babur ɗina, tun daga zaure take rangaɗa guɗa: "Ku ba da hanya, ga Mai Mota!"