Mista Obst, Hancin Barossa

Kwarin Barossa ya yi sa'a sau biyu. Ta farko, ƙasarsa na ba da inabin Shiraz mai kyau. Ta biyu, Allah ya ba shi Mista Neville Obst, wanda ya zo ya bayyana wa mutanen da suka gaji noman inabin tun kaka da kakanni abin da suke nomawa.

Kafin ya kai wannan matsayi, Mista Obst tayar tarakta ya sayar a birnin Adelaide har shekara talatin. Da ya yi ritaya ya tafi Faransa ya yi kwana goma sha ɗaya, biyu daga ciki a filin jirgi. Ya dawo da ɗan kofin azurfa rataye a wuya da sarƙa, ya sayi gida a ƙauyenmu kusa da coci. Ba a yi wata shida ba ya zama alƙalin gasar giya ta ƙauye, don babu mai son aikin. Ya kuma samu shafi a jaridar mako, don editan surukinsa ne. Kev mahauci ne ya raɗa masa suna Hanci. Mista Obst ya ji, ya ɗauka sarauta ce, ya sa aka buga masa a kati.

Hancin kuwa ya ga gata. Aka hana mata sa turare in za su shigo zauren coci ranar gasa. Aka hana soya albasa a kicin ɗin zauren. Shi kansa ya sanar a jarida cewa ya yi bankwana da kyafaffen sosej mai tafarnuwa, don kada ya ɓata baiwar da aka ba shi amana. Kev ya tabbatar da cewa lallai ya daina shigowa shagonsa ta ƙofar gaba. Ta baya yake shigowa, duk Alhamis.

Wata Lahadi, da Fasto ya miƙa masa kofin jibin Ubangiji, Mista Obst ya kaɗa shi sau uku, ya cusa hanci, ya lumshe ido. Matar da ke durƙushe kusa da shi ta rantse ta ji ya ce, "Goma sha uku cikin ashirin."

Aƙidarsa game da Shiraz ɗaya ce, kuma yana karanta ta ko ba a tambaye shi ba.

"Jama'a, giyar da za ta rayu dole ta yi ƙiba. Ta yi baƙi ƙirin, ta kama harshe, ta daki ƙirji. Idan ka ɗaga kofi kana hango yatsanka ta ciki, wannan ba giya ba ce, ruwan wanke kofi ne. Na faɗa wa Faransawa haka a gaban idonsu, babu wanda ya iya ba ni amsa."

Wannan gaskiya ne. Babu wanda ya ji Turancinsa.

Ya kuma nuna misali da hannunsa. Ya bar inabin bayan gidansa a rana har ya yamutse, ya matse, ya kulle shi shekara biyu a sabuwar gangar katako. Abin da ya fito baƙi ne kamar ɗinya, da ƙarfin da zai tayar da injin ban ruwa. Ya sa masa suna Dawwama. Ya ce jikokin jikokinmu ne za su fahimce ta.

A ƙarshen hanyar cocin akwai wata gwauruwa, Doreen Maywald. Tana da eka huɗu na tsofaffin itatuwan Shiraz da kakan mijinta ya dasa, duk sun karkace kamar yatsun mai ciwon sanyi. Doreen takan tsinke inabinta da wuri, kafin ya cika zaƙi, ta zuba a tsofaffin gangunan da mijinta ya bari. Giyarta tsaka-tsaki ce, ba ta yi kauri ba, ba ta kuma tsinke ba. Tana sabuwa launinta ja ne mai shuɗi-shuɗi a gefe, da ƙamshin baƙaƙen 'ya'yan itace da ɗan yajin masoro, da tsami kaɗan, da ɓaurin da ke kama dasashi ya saki. Mutane kan shanye kwalbar kafin su tuna za su yi magana a kanta.

Shekara goma da suka wuce ta kai ta gasa. Mista Obst ya ɗaga kofin, ya hango yatsansa, ya yi ajiyar zuciya irin ta likitan da ya gama duba hoton ƙirji.

"Goma sha ɗaya. Ramammiya ce, babu ƙashi babu tsoka. Shekara uku ta yi yawa, za ta mutu a kwalba. Baiwar Allah, itatuwanki sun gaji. A bar su su huta a murhu."

Ya buga wannan hukunci a jarida, ya maimaita shi sau huɗu a shekarun da suka biyo baya. Masu sayen inabi da ke zuwa daga birni suna karanta shafin, don ya fi zagaya gonaki sauƙi. Suka daina tsayawa a ƙofar Doreen.

Don kada tarihi ya manta da wanda ya faɗa, shi ya kawo shawarar a ajiye kwalba ɗaya daga kowace cikin giya shidan da suka shiga gasar, har da Dawwamarsa, a ɗakin ƙasa na zauren coci, a buɗe bayan shekara goma. Duk kwalaben iri ɗaya ne, da murfi iri ɗaya, domin mota guda ce ke zagaya ƙauyen tana ɗura wa kowa giyarsa. Takardar da aka manna ce kaɗai ta bambanta su. Matan kwamitin coci, Doreen a kan gaba, suka shirya akwatin, suka saukar, Mista Obst ya yi jawabin minti arba'in a bakin matakala.

Bana shekara goma ta cika, kuma bana ne ɗan Doreen, Craig, ya gaji. Jan inabi ya yi kwantai a kwarin, maƙwabta da yawa sun tumɓuke nasu. Craig ya kira mai katafila ya zo ya tumɓuke itatuwan, suka tsayar da ranar Litinin, washegarin buɗe akwatin.

"Mama, itacen da ba mai son 'ya'yansa, tumaki sun fi shi amfani a filin."

"Ubanka zai tashi daga kabari ya ja maka kunne."

"To ya taso, ya zo da mai saye. Kin ga, Mama, mu yi haka. In Hanci da bakinsa ya yabi giyarki ranar Lahadi, na sallami katafilar."

Craig ya faɗi haka ne yana dariya. Ya san tun da Mista Obst ya zo ƙauyen ba a taɓa jin ya janye magana ba, ko da kan hasashen ruwan sama ne.

Ranar Lahadi bayan sujada zauren ya cika. Katafilar tana fake a bakin gonar Doreen, ana hango ta ta taga. Kev da Craig suka sauka suka ɗauko akwatin, suka dire a kan tebur. Ɗakin ƙasan yana da laima, kuma an manna takardun ne da kullun fulawa. Dodannin koɗi sun yi shekara goma suna walima. Ko harafi ɗaya ba su bari ba. Kwalba shida, tsirara, kamar 'yan uwa ɗaya.

Doreen ta leƙo daga kicin, wuƙar yanka kek a hannunta. "Neville, in takardun ne damuwar, ai—"

"Doreen, don Allah. Ki ji da shayi, mu ji da giya." Ya juyo ga jama'a yana shafa kofin azurfarsa. "Takarda ta makafin hanci ce. Uba ba ya buƙatar takarda kafin ya gane 'yarsa. A zuba."

"Ranka ya daɗe, Hanci," in ji Kev, "a yi mana a hankali, mu talakawa mu koya."

Doreen ta koma ta ci gaba da yanka kek.

Ukun farko ya sallame su da sauri, goma sha huɗu, goma sha biyu, goma sha huɗu da rabi. Aka zuba ta huɗu. Ta fito da launin ƙasa-ƙasa, da warin dafaffen zabibi da ya kwana, da wani tsami mai hawa ka. Mista Obst ya kurɓa, ya tofar a bokiti, ya goge baki da hankici.

"Ga ta nan. Na faɗa, ban faɗa ba? Gawa ce, ta daɗe da ruɓewa. Wanda ya yi wannan bai san inabi ba, bai san ganga ba, bai san kunya ba. Ni da hukuma ce, da na hana shi taɓa ko da lemo. Bakwai. Ɗaya daga ciki na kwalbar ne."

Ya waiga wajen kicin da fuskar ta'aziyya. Craig ya sunkuyar da kai, ya laluba wayarsa a aljihu.

Aka zuba ta biyar. Shuɗin gefenta ya tafi, ya koma jan bulo, tsakiyar kuwa ja ce garau. Guggubi ya kwanta a ƙasa abinsa. Ɓaurin ya yi laushi. 'Ya'yan itacen suna nan, sai dai sun ja baya sun ba wa wasu wuri, ƙamshin jemammiyar fata, da na ƙasa in ruwan farko ya sauka, masoron kuma yana biye a ƙarshe. Aka ɗiga wa kowa a kofi. Mista Obst bai tofar ba. Ya haɗiye, ya miƙa kofi aka ƙara, ya miƙe tsaye. Idanunsa sun kawo ruwa.

"Jama'a, ku gafarce ni. Ba na son yabon kaina, kun sani. Amma ga Dawwama. Ku duba yadda ta sauke ƙibar ƙuruciya ta zama sarauniya! Ku ji tsamin nan da ya riƙe ta kamar ginshiƙi. Wannan sai tsohon itace mai zurfin saiwa, da hannun wanda ya san ranar tsinka. Tana da sauran shekara goma a gaba. Goma sha tara da rabi. Rabin na riƙe ne don tawali'u."

Itatuwan bayan gidansa shekararsu goma sha biyar, amma ba wanda ya katse shi. Ya umarci surukinsa edita ya rubuta kowace kalma, ya ce a buga a shafin farko. Ta shida ko kallonta bai yi sosai ba.

A lokacin ne Doreen ta fito da faranti. Ta ajiye kek a tebur, ta goge hannu a atamfar gabanta, ta ɗauki kwalba ta biyar ta ɗaga ta sama.

Duk macen da ta taɓa kawo abinci zauren coci ta san ba a sakin faranti sai an rubuta suna a gindinsa da jan farce, in ba haka ba ya bi wata gida. Doreen ce ta shirya akwatin shekara goma da suka wuce, kuma ba ta yarda da kullun fulawa ba. A gindin kwalba ta biyar akwai haruffa biyu ja, D.M.

Kev ya yi wuf ya ɗaga ta huɗu, ya leƙa, ya karanta da muryar mai shela. "N.O. Ranka ya daɗe, wane ne wannan mara kunyar? A faɗa mana mu hana shi taɓa lemo."

Sai da Fasto ya fita waje don kada a gan shi yana dariya.

"An musanya," in ji Mista Obst. "Akwai maƙarƙashiya. Me ya sa ba a gaya mini ba?"

"Na zo gaya maka," in ji Doreen, "ka ce in ji da shayi. Ga shi nan, ya yi sanyi." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, ɗan nan, da bakinsa ka ce ko?"

Craig ya fita da waya a kunne. Kafin a gama kwashe kofuna aka ji katafilar ta tashi, ta juya, ta bi hanyar garin Tanunda. Editan ya buga jawabin kalma da kalma kamar yadda aka umarce shi, da sunan Doreen a sama. Ya ce rabonsa da samun labarin shafin farko tun da guguwa ta kwashe rufin makaranta. A makon da ya biyo baya motoci biyu daga birni suka tsaya a ƙofar Doreen.

Mista Obst ya yi mako uku bai fito ba, sannan ya rubuta cewa babban alƙali shi ne wanda ke gane nagarta ko a kwalbar wa take, kuma kwarin ya sake shaida hakan da idonsa.

Sauran Dawwama kuwa ba a zubar ba. Doreen ba ta zubar da abu. Ta tafi da ita gida ta jiƙa ƙananan albasa a ciki, ta kawo cin abincin coci na watan gaba. Mista Obst, da ya manta ya hana kansa albasa, ya ɗiba sau uku. Ya tsaya da cokali a hannu, ya tambaya da ƙarfi wa ya haɗa wannan ruwan tsami, don ko waye shi, ya san aikinsa.

"Kai ne, Neville," in ji Doreen. "Ƙara mana."