Tsatsar Motar Baba

Ba zan taɓa mantawa da ƙaramar Sallar shekara uku da suka wuce ba, ranar da na tona wa kaina asiri a falon gidana, ba tare da kowa ya tambaye ni komai ba. Ina da shekara arba'in da huɗu a lokacin, da mata da 'ya'ya uku da furfura a gemu, amma abin wasa ne ya kayar da ni.

Ni mutum ne mai haɗa ƙananan motoci. Ba makanike ba ne ni, taya ma in ta yi faci sai na kira wani. Kwali nake saye cike da gutsattsarin roba, in shige ɗan ɗakin da na ƙwace a gidanmu na unguwar Bani Harisa, in yanka, in goge, in manna, in fesa fenti, har mota mai tsawon tafin hannu ta fito. (Matata tana ce wa ɗakin "warsha", wato gareji, da wata irin murya wadda ba ta yabo ba ce.) A wajen masu wannan shirmen, wanda ya fito da mota tana ƙyalli ɗan koyo ne. Gwani shi ne wanda zai sa ta tsufa, ya yi mata tsatsa da ƙura da lotsewa, har in an ɗauki hotonta a rantse ta gaske ce. Ni kuwa a nan na yi suna, kuma kaina ya kumbura.

Baba yana da wata doguwar farar mota da ya yi shekara talatin yana kai maziyarta Uhudu da Ƙuba da ita. Da ita ya ciyar da mu, ya aurar da mu. Hajiya yake ce mata. Da ciwon sukari ya tafi da idanunsa, ya koma zama wajen ƙanina Hamza a unguwar Ƙurban, sai ya kira ni, ni babban ɗa namiji, ya damƙa min makulli.

"Ka riƙa tayar da ita duk Juma'a, ya waladi, ɗana," in ji shi. "In ta fi ƙarfinka, ka ba wanda zai ci abinci da ita. Kada ka bari ta wulaƙanta."

Na tayar da ita Juma'a uku. Ta huɗu na ce sai gobe. Hajiya ta yi shekara huɗu a gefen katangata, rana tana dafa ta, tayoyi suka kwanta, gilashi ɗaya ya fashe, kyanwa ta haihu a kujerar baya. Ni kuma ina ciki ƙarƙashin na'urar sanyi, ina shafa wa motocin roba fenti da burushi mai gashi uku. Ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, suka manna mata takardar gargaɗi, na ce zan duba. Ranar da na fito dubawa, filin wayam, sai tabon mai a ƙasa.

Tun da idanun Baba suka tafi, ni ne idonsa. Abin da na ce masa shi ne gaskiya, ko takardar asibiti ce ko labarin dangi, ba ya neman ta bakin wani. Wannan yardar ita ce kaɗai abin da na fi 'yan'uwana da shi, kuma ita na ɗauka na yi ciniki da ita. Na ce masa na ba wani bawan Allah motar, Malam Isa, mai 'ya'ya bakwai, yana jigilar dabino. Babu wani Malam Isa. A kan hanyar Ƙurban na ƙirƙire shi, ina jiran wuta ta ba da hannu. Baba ya ji daɗi har ya yi ƙwalla. Duk zuwan da zan yi sai ya tambayi lafiyarsa, ni kuma in ƙara masa gishiri. (Har na aurar masa da 'ya ɗaya.)

To, mai hankali da ya yi irin wannan ɓarna zai binne ta ne. Ni sai na duba hotunan Hajiya da na ɗauka tana ruɓewa, na ce kai, wannan tsatsar ta yi kyau. Wata takwas na yi ina haɗa ta. Na yi mata fentin tsatsa a ƙasa, na barbaɗa gishiri, na fesa fari a sama, na kankare gishirin, fentin ya fito a ɓare kamar yadda rana ta ɓare na gaske. Na ɗumama wuƙa na kwantar da tayoyin. Na tsaga gilashin da allura. Ƙurar ma ta gaske ce, daga gindin katangar na ɗebo, na tace da matacin shayin matata, abin da har yau ba ta yafe ba. Takardar baladiyya na yi ta ƙarshe, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma ban tsaya ko sau ɗaya na tambayi kaina me nake yi ba.

Ranar Sallah dangi suka taru a gidana bayan an sauko daga idi. Hamza ya kawo Baba, aka zaunar da shi a kusurwa da carbinsa. Ana shan gahawa sai Usmanu, mijin yayata, ya fara halinsa.

"Ina motocin yaran? Har yanzu ba a yaye ka ba?"

Aka yi dariya. Da na yi dariyar ni ma, da an wuce wurin. Amma zuciya ta ɗebe ni, na ce yau sai na rufe bakin mutumin nan. Na shiga warsha na ɗauko Hajiya a kan faranti, ina tafe a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Na tuna Baba yana falon, ba wai na manta ba. Cewa na yi a raina, ai ba ya gani.

Bakin Usmanu ya rufu kuwa, na ɗan lokaci. Ya sunkuya, ya cire tabarau, ya mayar.

"La ilaha illallah. Wallahi Hajiya ce, nafsaha, ita ce sak, ba ta rage komai ba. Baba, ga motarka nan an dawo da ita."

"Miƙo min in taɓa," in ji Baba.

Na ce fentin bai bushe ba. Usmanu ya ce haba, ya ɗauke ta daga farantin ya ɗora a tafin tsohon.

Na tsaya ina kallon yatsun nan suna bin rufin motar, suna gangarowa kan ƙofa. Murmushi yake yi da farko. Babban yatsansa ya kai gefen ƙofar direba, ya tsaya, ya koma baya ya sake bi.

"Wannan kaushin na mene ne?"

"Tsatsa ce, Baba," in ji Usmanu, wanda bai san komai game da Malam Isa ba, kuma ya ga damar ya yabe ni karo na farko a rayuwarsa. "Yadda ta koma a bakin katanga, bizzabt, daidai wa daida. Ga taya a kwance, ga gilashin da ya fashe, har takardar da baladiyya suka manna kafin su ja ta. Mashallah, yaron nan yana da hannu."

Hamza ya sunkuyar da kai. Wani ya ajiye kofi a hankali. Baba ya lalubo tayar, ya murza ta, ta ƙi juyawa. Ya kama bakin rigarsa ta Sallah ya goga ƙurar, amma na riga na fesa mata abin da ba za ta fita ba.

"Malam Isa fa?" ya ce, fuskarsa tana fuskantar inda yake jin numfashina.

Bai jira amsata ba.

"Babu shi ko?"

"Babu shi, Baba."

Na yi fatan ya zage ni. Sai ya ce, "To wa nake ta yi wa addu'a bayan kowace salla?"

Ya miƙo motar da hannu biyu, ba don girmamawa ba, don kada ta faɗi, ya ce wa Hamza ya kai shi gida, kansa yana ciwo. Ko abincin Sallar bai ci ba. Na bi su har bakin mota ina "Baba, ka tsaya in yi bayani", alhali ni kaina ban san bayanin ba. Kunyar ranar nan ba ta wuce ni ba, kuma ba na jin za ta wuce.

Na je na durƙusa na nemi gafara, ya ce ya yafe, kuma na san ya yafe ɗin, don Baba ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Amma yanzu in na karanta masa takardar likita, sai ya saurara har ƙarshe, ya ce madalla, sannan ya juya ya ce, "Hamza, duba min, haka ne?" Ko ƙarfe nawa ne na gaya masa, sai ya jira kiran salla ya tabbatar.

Darasin da na samu ba wani mai tsada ba ne, kowa ya san ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa ƙarin shi ne, in ka san bakinka maƙaryaci ne, kada ka koya wa hannunka faɗin gaskiya dalla-dalla. Abokan shirmena har yau suna cewa in kawo motar a nuna wa jama'a, wai ba su taɓa ganin tsatsa mai kyau irin wannan ba. Gaskiyarsu ne. Shekara huɗu na yi ina yin ta gasken kafin in kwaikwaye ta.