Ranar da Na Rubuta Surukata Cikin Shanu

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ƙungiyar makiyayan Gwiwa ta mayar da fom ɗinta cikin waya ba. Ni dai karatuna ajin yaƙi da jahilci ne, shi ma rabi na yi. Ina iya rubuta suna, Turanci kuwa sai kallo. Amma fom ɗin rigakafin dabbobi da sakatare ke bugawa a kwamfuta na san shi kamar yunwar cikina: layi ya raba shi biyu, hagu mutanen gida, dama shanu. Da wannan na ci sunan "Malam" a kasuwa (kowa da kiwon da ya karɓe shi).

Da aka ɗora shi a intanet, na duba, babu layi, babu akwati, manyan baƙaƙen da ke kan takardar duk sun ƙanƙance. Ba hagu ba dama, sai sama da ƙasa. Na juya wayar, na girgiza ta, ko layin zai faɗo. Har yau ina son sanin inda ya shiga.

Sai ga surukina Ardo, wanda ɗana ke auren 'yarsa, ya zo in cike masa fom ɗin. Wanda ba a rubuta shanunsa ba, ba allura, ga ciwon huhu yana yawo.

"Malam, ka gane kansa kuwa?"

"Allah ya ja zamanin Ardo, ai mu muka raine shi."

Na yi lissafi: mai rugar da ake gaishe shi da "ya shanu" kafin "ya iyali", ai shanu ne a sama. Na zuba su can, iyali a ƙasa.

Ranar allura, gaban jama'a, likitan dabbobi ya ɗaga murya: "Garken Ardo! A kamo Dije, a riƙe ƙafafunta!"

Dije uwargidan Ardo ce. Tana gefe da ƙwaryar nono. Ardo ya dube ni, ni kuma na dubi takalmina.

Ta ajiye ƙwaryar a hankali. "Likita, ni a yi min. Amma wa aka rubuta matar gida?"

Ya duba takardar sunayen da aka bugo masa. "Wule." Wato saniyar Ardo.

"To, yau Wule ta tuƙa muku tuwo."

Sakatare na dariya har da hawaye ya gyara da biro, aka yi wa shanu allura.

Tun ranar, in abu ya sake kama nakan tambaya. Gidan Ardo kuwa in na je, daga bakin garke nake fara gaisuwa, don ban san wa ke riƙe da gidan ba.