Injinan da Suka Ji Kunyar Juna

Ranar buɗe masana'antar man gyaɗa ta wani Alhaji a Dutsin-Ma na sa babbar riga, domin ni na tsara yadda kwamfuta za ta tafiyar da aikin. Na riga na shaida wa Alhaji cewa zamanin inji ɗaya mai ba da umarni ya wuce. Yanzu kowanne da ƙwaƙwalwarsa, shawara suke yi a tsakaninsu. Injin ɓare gyaɗa ba zai motsa ba sai na suya ya ce ya shirya, na suya yana sauraron na matse mai, shi kuma yana sauraron na ɗurawa a jarka. Na ɗurawar, saboda tsabar adalcina, na sa shi ya jira na ɓarewa.

Baƙi suka zauna, aka yi addu'a, na danna maɓalli ina kallon jama'a. Fitilu suka kama, kore shar. Babu abin da ya motsa. Kowane inji yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Da na gama bayanin abin da ya faru, Alhaji ya ce, "Wato Injiniya, surukai ka tara mini a kwano ɗaya?"

A makon aka ba wani injiniyan aikin, na koma gida Kurfi. Har yau in aka ajiye tuwo a majalisa, sai abokaina su naɗe hannu su zuba mini ido, wani ya ce, "Injiniya, danna mana." Tuwon yakan huce kafin su gama dariya.