Tankar Jamus da Ta Raba Ni da Laraba

Ku matso, ku ba ni kunnuwanku. Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Talata a Riyad, shekarar da ɗana Bashir, injiniya, ya ɗauko ni daga Damaturu a yi mini aikin ido.

Ya tafi aiki, matarsa ta fita unguwar Murabba cefane, aka bar ni da talabijin. Sai ga wani ƙarfe kamar gida yana tafiya, ƙasa na nutsewa a ƙarƙashinsa, sojoji na hawansa da tsani. Hoton ba launi (na ɗauka idon ne bai warke ba). Mai magana yana ta zuba Larabci da muryar labarai. Ni da na san ƙarar tanka a garinmu, na ce shi ke nan, yaƙi ya biyo ni Saudiyya, yau a maƙabartar Udu ta nan Riyad zan kwana.

Na yi alwala. Na kira Laraba a waya, aminiyata ta shekara arba'in, don kada in tafi da nauyi.

"Laraba, mutuwa ta zo, ki yafe ni. Auren 'yarki Habi da aka fasa, ni na kai wa dangin yaron maganar farfaɗiyarta."

Sai na ji mata sun ɗauki salati. Ashe tana gidan suna, ta buɗe lasifika don kunnenta ya yi nauyi. Habi na gefenta.

Bashir ya dawo ya same ni a bayan kujera da carbi. Ya kalli talabijin, ya kalle ni.

"Inna, tarihi ne fa. Jamusawa suka ƙera ta, shekara saba'in ke nan. Biyu kacal suka yi. Nauyinta ya fi ƙarfin gada, sai dai ta bi ta cikin ruwa. Suna ce mata Ɓera."

"Mutum nawa ta kashe?"

"Ba ta ma kai ga wani yaƙin kirki ba."

To, ni dai ta gama da ni.

Tankar, in ji Bashir, tana ajiye a Rasha ana zuwa kallonta. Habi ta auri wani malamin makaranta, ta haifi uku, ba wanda aka kawo mini in gani. Bashir kuwa in zai fita sai ya zare wayar talabijin. Laraba ta rasu bara, ba ta sake ɗaga kirana ba.

Ni ga ni nan, ido ya buɗe tar. Abin da na koya kaɗan ne: neman gafara wajibi ne, amma a fara leƙa taga.