Rasuwar Ƙara-Reshe, Mai Shigar da Jariran Gidan Muhammadu Lawan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɗan guntun haƙurin da ya rage mini, nake sanar da zuri'ar marigayi Muhammadu Lawan ta Yerimaram, da danginmu na Ngojin da Mamudo, rasuwar Ƙara-Reshe, ɗan ƙaramin furogiram ɗin da ya daɗe yana shigar da jariranmu cikin fayil ɗin asalin gidanmu. Ya rasu a cikin kwamfutata, a kan teburina, a hannun Mahdi ɗan yayana, wanda ya zo taimako ba tare da an kira shi ba.

Ga waɗanda suka sha cin naman suna a gabansa ba su taɓa tambayar aikinsa ba, ga bayani. Asalin gidanmu yana cikin fayil irin wanda ake kira XML. A cikinsa kowane mutum ɗaki ne mai alamar buɗewa da alamar rufewa, 'ya'yansa kuma suna zaune tsakanin alamun biyu. A jikin alamar buɗewa ake rubuta siffofin mutum: sunansa, sunan mahaifiyarsa, unguwarsu. Aikin marigayin shi ne ya nemo ɗakin uba, ya gina wa jariri nasa a ciki, ya rubuta siffofin, ya rufe. Na yi aikin akawu har na yi ritaya, ban ga ma'aikacin da ke rufe duk abin da ya buɗe ba sai shi.

Ummul-Khair, 'yar riƙonmu, ita ta rubuta shi tana karatun kwamfuta, kafin aiki ya kai ta Gombe. Tun daga lokacin, duk ranar suna, idan liman ya raɗa suna an yanka rago, sai a kawo kwamfutar zaure. Marigayin ba mai yawan magana ba ne. Yakan yi ƙara ɗaya, "ƙit", sannan ya rubuta: "An ƙara. Allah Ya raya." Idan aka ce masa uban jariri Muhammadu Lawan ne, alhali rabin mazan gidan nan sunan kakansu suka ci, sai ya tambaya cikin ladabi: "Wanne daga ciki?" Tambayar da har yau wasu surukanmu ba su koyi yi ba.

Babban alherinsa kuwa siffa ɗaya ce. A fayil ɗin, yaro ba ya zama a ɗaki biyu, sai na ubansa. Matar da aka auro kuma ba ta da ɗaki; tana shiga zuri'a ne ta jikin 'ya'yanta, a matsayin uwa. Amma a gidanmu, idan aka yaye yaro, sau da yawa akan kai shi hannun wata ta riƙe. Matata Hadijatu Allah bai ba ta haihuwa ba, ta kuwa riƙi yara shida na gidan nan, daga yaye har girma. Saboda ita Ummul-Khair ta koya wa marigayin ya koma ɗakin yaron da aka yaye, ya ƙara masa siffa mai suna riƙo, ya rubuta wadda ta goya shi. Ta wannan ƙofa kaɗai sunan Hadijatu ya shiga asalin gidan da ta tsufa tana yi wa girki.

Ciwon ajali ya soma ne ranar sunan Khaulat, 'yar Mahdi, ina Mamudo wajen duba mara lafiya. Mahdi, wanda ya yi kwas na 'yan makonni ya dawo da satifiket mai zanen zinariya, ya shaida wa zaure cewa furogiram ɗin kayan tsofaffi ne, shi da hannu zai shigar da 'yarsa. Ya buɗe fayil, ya shigar da ita, ya goge alamar rufe ɗakinsa bai lura ba. Da kwamfuta ta koka cewa alama ɗaya ta ɓace, sai ya gangara can ƙarshen fayil ya dasa wata. Kwamfuta ta yi shiru, aka yi masa tafi.

Da yake alamun rufewa duk kamarsu ɗaya, kowace sai ta rufe ɗakin da ba nata ba. Ƙannen Mahdi suka faɗa ɗakinsa, ya zama ubansu. Mu ƙannen mahaifinsa muka faɗa ɗakin yayanmu. Na dawo daga Mamudo na tarar ni da Mahdi uba ɗaya muke, da furfurata da komai. Aka tambayi marigayin 'ya'yan Mahdi, ya lissafo su bisa amana, ciki har da wata ƙanwarsa mai 'ya'ya a Ngojin.

Kamar yadda aka saba a ofisoshin da na yi aiki, wanda ya faɗi abin da ya gani shi aka hukunta. Mahdi ya yanke cewa ƙwayar cuta ce ta kama furogiram ɗin, ya kwashe fayil a filash, ya wanke kwamfutar tas. Marigayin bai yi ko "ƙit" ba. Ummul-Khair ba ta da kwafinsa. Ta ce za ta sake rubuta wani, amma dattawan gida sun riga sun ga sabuwar manhajar da Mahdi ya sauke a wayarsa, mai koren ganye da hoton kowa a rataye kamar mangwaro, zukatansu sun tafi. Manhajar tana da akwati biyu, uba da uwa. Hadijatu ta karɓi wayar, ta nemi sunanta sama da ƙasa, ta mayar masa, ta shiga ta zubo masa tuwo.

Marigayin ya bar fayil ɗaya mai karyayyen asali. Da filash ɗin da yake jinya a ciki. Da ni, sabon ɗan'uwan Mahdi. Da Hadijatu, wadda ita ce aka yi wa rashin, ko da yake ba wanda ya zo mata gaisuwa. Gawa ba ta samu ba, sai ɗan hotonsa da ya saura a tsohon filash ɗina, wanda idan aka danna ba ya kai mutum ko'ina. Shi za mu binne.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidanmu da ke Yerimaram, kafin zaman dangin da zai tabbatar da sabuwar manhaja. Babu salla, babu likkafani, za a goge hoton ne kawai. Mutanen Ngojin da Mamudo su taso da wuri, kada su fake da rashin keke. Masu niyyar cewa ai abin na'ura ne kawai, an yafe musu ta'aziyya.

Hadijatu za ta zauna a gaba. A bayanta za a shimfiɗa tabarma ɗaya domin waɗanda ta riƙa, su jeru yadda suka zo hannunta. Ummul-Khair ta ce tana hanya. An ajiye wa Mahdi wuri na uku, domin a zanin Hadijatu ya yi ƙyanda, a bayanta kuma aka kai shi makarantar allo yana kuka. Shi aka ba girmamawar goge hoton. Kafin ya goge, ana roƙonsa ya ɗaga wayarsa ya nuna wa jama'a akwatin da zai sa ta a manhajar. Ba ma sauri, za mu jira shi.

Sanarwa daga Hussain Muhammadu Lawan, akawu mai ritaya, Yerimaram, Potiskum.